Bara Tuta Kuka Ba Ni, Bana Tsere Zan Shiga

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tseren Babura na Bayan Girbi, Zuru.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da sauran 'yan kwamiti, da fatan an kai amfanin gona gida lafiya.

Sunana Rahila, ni wakiliyar rediyo ce mai ɗauko labaran noma. A kan babur nake aikina, daga Manga har Ribah da Wasagu, rani da damina. Na rubuto a fili ne domin a fili aka cire ni daga tseren bara.

Na ɗaya. Na yi gwajin hawan tudu tare da maza, na ci, alƙalanku suna kallo. Ranar tsere sai sakatarenku ya ce sai mai katin ƙungiyar 'yan kabu-kabu ke shiga. Kowa ya san ƙungiyar ba ta ɗaukar mata. Amma wani malamin makaranta da wani tsohon soja sun shiga, kuma ban taɓa ganinsu ɗauke da fasinja ba. Dokar ba ta ambaci mace ba, sai dai mace kaɗai ta tare.

Na biyu. Don a lallashe ni aka miƙo mini tutar sallamar mahaya. Na karɓa, na ɗaga, saboda ba na son ɓata taro. Kada a ɗauki wannan a matsayin yarda.

Na uku. Daga wurin tuta ana ganin filin sosai. Bencinan da a da sai an yi rububi, bara da yawansu babu kowa, samari sun tafi gidan kallon ƙwallo. Waɗanda suka tsaya har ƙarshe cikin rana mata ne da 'yanmatan sakandare. Cikinsu akwai ma'aikatan lafiya masu kai allurar rigakafi ƙauyuka ta hanyoyin da suka fi filinku wuya. In kuka ci gaba da hana su hawa, wata rana za su daina zuwa kallo, kuma ba ku da wasu 'yan kallon a ajiye.

Roƙona shi ne a soke sharaɗin katin, ko a bi da kowa da shi. Gwaji ya zama ma'auni, a kuma sanar da haka kafin a buɗe rajistar bana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa a tashi taro ba wanda ya ji ciwo. Zan zo da babur ɗina da hular kwanona. Tutar kuwa, a samo mai riƙewa.

Wassalam.

Rahila,
Zuru.