Hitar Jirgin Ruwa a Bututun Manjan Kawuna

Hajiya Ruwaida, don Allah ki taimake ni da shawara. Ni mai aikin kuran ne, wato lantarki, a unguwar Zongo, shekarata goma sha ɗaya ina haɗa injina. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni, shi ya kai ni koyon wannan aiki. Yana da wurin ɗura manja a jarkoki a hanyar Sèmè-Kpodji. Da damina manjan yakan yi kauri ya ƙi tafiya a bututu, sai na ce masa a sayi hita irin wadda mai ke ratsawa ta cikinta ya narke. Na rubuta masa girmanta, na ce ta inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, marar zafi sosai don kada ta ƙona man.

Sai ga shi ya dawo da wata daga wurin masu fasa tsofaffin jiragen ruwa, yana murna wai ta Turai ce. Da na kwance murfinta, Hajiya, wallahi abin ba kyan gani. Baƙin man inji ne ya daskare a ciki kamar kwalta, ga wari, ga wani kore-kore a bakin ƙarfen. Kwana biyu ina wanke hannu, har tuwo na kasa ci da shi.

Na gaya masa, ya ce a wanke. An wanke da omo da ruwan zafi sau bakwai, har da yashi, ruwan bai daina fitowa da maiƙo ba. Sai ya je ya tambayi malaminsa ko man inji najasa ne. Malam ya ce a'a. Shi ke nan fa, Kawu ya dawo yana cewa addini ma ya wanke ta, ni wane ne? Tir! Manjan nan matan Zongo ke saye su yi miya. Yayata Assibi da shi take sayar da wake a Godomey, 'ya'yanta a tukunyar suke ci.

Ya ba ni zuwa Juma'a. In ban haɗa ba zai kira wani, kuma kada in ƙara taka gidansa. Mahaifiyata na ta kuka wai kada in tozarta ɗan'uwanta. Ni kuwa ko ganin hitar nan ba na son yi. Yaya zan yi?

Mai Kuran, Zongo

Ɗana Mai Kuran,

Kada ka haɗa ta. Wannan na fara faɗa, don kada ya ɓace a cikin sauran maganar. Na tambayi wani injiniya, ya ce omo ba ya fitar da abin da ya shiga lungunan irin wannan hita, zafin manja ne zai riƙa narko shi kaɗan-kaɗan. Ya ce kuma wadda ka rubuta tun farko ita ce daidai.

Amma ka sassauta wa kawunka a zuciya. Ba na jin mugu ne. Mutum ne da ya yi ciniki yana alfahari, ɗan da ya rena ya ce masa ya sayo shara, kuma ina zargin a gaban ma'aikata ka faɗa. Malam ma bai yi kuskure ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Maganin ɓera ma ba najasa ba ne, amma ba wanda ke zuba shi a miya. Ka roƙi Kawu ku koma tare, a yi tambayar a cike: ya halatta a sayar wa mutane abincin da ya bi ta nan?

Kafin Juma'a ka je masa da mafita a hannu. Nemo inda ake sayar da ta inoks, ka nemo masu garejin da za su sayi tsohuwar, ka ce aikin haɗawa kyauta ne. Sannan ku keɓe ku biyu, ka zuba manja mai zafi ta cikin hitar, ka tace shi da farin ƙyalle ya ga abin da zai fito, ragowar ka ɗura a kwalba. Ka ajiye a gabansa da ladabi, ka tambaye shi ko a kai wa iyalinsa su yi miyar rana. In ya ce a'a, magana ta ƙare. In kuwa ya kira wani ya haɗa, ka gaya wa Assibi a ranar, ka sanar da hukumar duba abinci. Fushin kawu yana hucewa ko da bayan shekara ne, abin da ya shiga cikin yaran nan ba ka da hanyar fito da shi.

Allah ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka, ya sa ka ci tuwon sallah a gidan kawunka da hannu mai tsabta.

Hajiya Ruwaida