Hoton Baba a Tsaye

Auta,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Na iso lafiya, na koma aiki, ina ci ina sha kamar kowa. Ana yi mini gaisuwa ina amsawa, amma tun ranar da aka binne Baba ko ɗigon hawaye bai zo mini ba.

Hoton nan da ka turo mini wata biyu da suka wuce, wanda Baba ke tsaye jikin bango da sandarsa, shi nake ta kallo. Ka san saboda shi na ɗage hutuna, na ce tunda ya miƙe ai babu gaggawa. Jiya na lura igiyar tabaransa ba ta sauko ƙirji ba, ta zame ta bayan kunne ta kwanta jikin bango. Ni ban san kan hoto ba, amma na san abu ƙasa yake faɗuwa. Kada ka yi mini kwana-kwana.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Wa alaikumus salam, tare da girmamawa. Haƙuri da godiya.

Baba bai miƙe ba, a kwance yake. Ƙungiyarmu ta masu koyon hoto ce ta sa gasa, a yaudari ido da kyamara: wannan ya ɗora mota a tafin hannu, wancan ya tokare bene da yatsa. Ina nuna masa, sai ya ce, "To ni fa, ba za ka iya tsayar da ni ba?" Na ɗauka zolayarsa ce da ya saba. Ashe da gaske yake.

Na sauko da shi kan siminti, na jingina tafin ƙafafunsa da bango, na kafa tabarma a bangon ta zama kamar ƙasa, na sa masa sanda a hannu. Na hau tsani na ɗauka daga sama. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce in tura miki kuma in kama bakina, wai ba ya so ki bar aikinki ki zo gadin tsoho.

Ranar da kika ce kin ɗage tafiya ina riƙe da waya, na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora masa ba.

Shekaranjiya aka ce hoton ne ya zo na ɗaya. Aka yi ta tafi, ni dai ina zaune. Kofin yana cikin leda, ban ko buɗe ba. Ki yafe mini in za ki iya.

Ƙaninki

Auta,

Gaisuwa. Na karanta sau uku, na nemi fushi a zuciyata ban samu ba, yafiyar ma ban samu ba. Babu komai a wurin.

Abu ɗaya nake so. Ka turo mini wani hoton nasa na kwanakinsa na ƙarshe, a kan gado, yadda yake. Wanda ban zo na gani ba nake nema.

Sai na ji ka.
Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Babu wani, bai yarda an ɗauke shi a kan gado ba. Sai dai ki ajiye wanda na turo miki a ƙasa, ki tsaya a kansa ki duba. Yadda na gan shi ke nan.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki

Auta,

Salam. Na ajiye, na tsaya, na duba. Ashe haka ya rame?

Ina nan zuwa ƙarshen wata. Kada ka turo mini hotonka ka ce kana lafiya, zan gani da idona.

Allah ya jiƙan Baba.
Yayarka