Harsashin da Ya Shiga Bindiga Ɗaya

Litinin, 4 ga Rajab 1319
Shekara bakwai da wata biyu rabona da gida. Na fito neman wana Yahaya, ga ni na ƙare maƙerin Nasara a Filingue. Sojoji su kwaso bindigogin Kurfayawa, ni in karya. Bindigogi masu baƙon baki Kumandan ke warewa don kansa, in zuba musu harsashi, ya harba sau ɗaya ya rataye. Ba ya duka, wannan kam zan faɗa.

Alhamis, 7 ga Rajab
Bindiga sha tara daga garin Damana. Na gwada harsashin da baba ya zuba a kowace, kamar kullum. Babu. Bindiga ɗaya baba ya ƙera mai wannan siririn baki. Yahaya ya tafi da ita, ya bar mini ƙarfen zubin harsashinta.

Asabar, 16 ga Rajab
Harsashin ya shiga wata bindiga. Daidai, ba girgiza. Ga shaidar baba a gindinta, zane uku. Na kasa tashi daga bakin maƙera.

Lahadi, 17 ga Rajab
Mai ita ya biyo ta da ƙafa. Baushe, tsohon maharbi, ba ya salla. Na yi masa tsawa, na ce a ina ya sato ta. Ya dube ni tsaf ya ce, "Ɗana, kai da mai wagga bindiga hancinku guda."
Wai baƙo ne ya faɗi ƙofar gidansa da ciwon ciki, damina huɗu ke nan. Matarsa Tasalla ta yi jinyarsa kwana ashirin. Da ya cika, Baushe ya yi tafiyar yini ya ɗauko malami, don kada a binne shi yadda ba nasa ba. Yahaya da bakinsa ya ba shi bindigar. Tun lokacin sai dai ya ɗura mata guntun ƙarfe, ba harsashin da ke zama.
Ni kuwa ɓarawo na ce masa.

Talata, 19 ga Rajab
Ban hura wuta ba.

Laraba, 20 ga Rajab
Kumandan ya gan ta, yana so. Jumma'a za a ɗaure kayansa zuwa ƙasarsu. In na ce ta gidanmu ce, wataƙila ya bar mini. To tawa ce? Yahaya ya riga ya bayar. Kuraye kuma sun addabi awakin Baushe.

Jumma'a, 22 ga Rajab
Na ce wa Kumandan cikinta ya tsage, za ta fashe a hannunsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in karya. Na karya wata a gabansa, bai ma duba ba.

Lahadi, 2 ga Sha'aban
Na kai ta cikin damin kara. Na zuba wa Baushe harsashi talatin, na nuna masa zubin, na bar masa ƙarfen. Ya ce, "Kai kuma da mi kaka tuna gida?" Na ce ya kai ni inda aka binne Yahaya. Kabarin na gindin wata aduwa, a share. Tasalla ta ce ɗakin baƙon yana nan ba kowa. Na ce zan duba, rufin ma yana son gyara.
Na karya ɗari biyu da shida. Sha ɗaya sun tafi ƙasar Nasara. Na tsirar da ɗaya.