Notin Ƙarya a Ƙafar Motar Yaya

Tudun Wada, Litinin

Assalamu alaikum Yaya Abdullahi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Hamdiyya da yara. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta. Na ba Ɗantani direban bas takardar nan ne don maganar ba ta waya ba ce. Katangarmu da ta gidan su Bushira matata ɗaya ce, ko tari na yi suna ji.

Ranar Asabar da sassafe na je garejin Baba, surukina, in ga inda aka kwana a aikin a-kori-kurarka. Na tsaya bayan tarin tsofaffin tayoyi ina jira ya ɗago in gaishe shi. Ka san kayan ƙafar gaban da ka sayo a Ƙofar Ruwa na sabon samfuri ne, sifirin da shokozoba da hannun da ke riƙe taya. Na dama ya zauna da ƙyar. Na hagu ya ƙi. Noti biyu ke ɗaure hannun ƙasa a jikin mota, ramukansa kuma sun saɓa da na tsohuwar motarmu da kamar yatsa biyu.

Baba ya kunna wutar walda ya huda sabon rami dab da bakin ƙarfen, abin da ya rage bai fi faɗin ƙwayar masara ba. Noti ɗaya ya shiga. Na biyun ya yi, ya yi, ya ƙi. Ya zauna ya daɗe yana kallonsa. Can sai ya ɗauki zarto ya yanke kan notin, ya liƙa shi da walda a inda ya kamata ya shiga, ya shafe da baƙin mai. Duk wanda ya leƙa zai ga noti biyu. Ɗaya ne, Yaya.

Na koma da baya a hankali, na zagayo ta ƙofa na yi sallama kamar yanzu na zo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗan nan, gaya wa yayanka an gama. Abin da makanikan birni suka ce ba ya yiwuwa, ga shi nan tsaye a kan ƙafarsa." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Jumma'a ce sunan ɗan Yaya Barakatu a Doguwa, kuma ni aka ce in kwashi mata. Na ƙirga mutum goma sha bakwai, har da Inna. Ka san ramukan hanyar Falgore. Ba zan iya buɗe baki in gaya wa Baba ba, mutumin da ko sunansa ba na faɗa. Kai ne mai mota. Ka ce a fasa, ka samo wani dalili.

Ba ni kaɗai na gani ba, amma don Allah kada ka tambaye ni wane ne.

Ƙaninka,
Kamilu

*

Bebeji, Talata

Wa alaikumus salam Kamilu,

Na karɓi takardarka a ofis, na karanta har sau biyu. Iyali suna amsawa.

Kamilu, shekarar Malam Shitu arba'in yana gyaran ƙafar mota. Kafin a haife ka yana ƙarƙashin tirela. Shi ya koya maka tuƙi, shi ya ba ka 'yarsa da wasu suka zo da manyan motoci. Yau kai ne mai laɓewa bayan taya kana duba masa aiki?

Na san ka. Tun farko ba ka so canjin nan ba. Ka fi son motar da ke tsalle kamar akuya a kan duwatsun Doguwa, tana zubar mana da buhun dankali, saboda ita ka saba da ita. Ranar Lahadi da na zo ni da kaina na leƙa ƙasanta, noti biyu na gani da idona. Na tuƙa ta har Kwanar Ɗangora, lumbu-lumbu kamar a kan katifa.

Wane dalili kake so in samo? In ce wa Inna ba za ta je sunan jikanta ba saboda ɗan autanta ya yi mafarki? In tsoro kake ji, ka ba Mujitaba direba makulli, shi ba ya ƙirga ramuka.

Kuma mutum ba ya cewa yana da shaida sannan ya ce kada a tambaye shi. Wane ne?

Yayanka,
Abdullahi

*

Tudun Wada, Laraba

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji duk abin da ka faɗa, kuma abin da ka ce a kan alherin Baba gaskiya ne, shi ya sa ma na rasa inda zan sa kaina.

Kada ka ba Mujitaba. Ni da na sani zan bi rami a hankali. Shi da bai sani ba, ya ji mota ta yi laushi, zai taka ta har ƙasa. In na ƙi tuƙawa na tura Inna hannunsa. In na tuƙa ni ne na ɗauke su da sanina. Kwana biyu ke nan ina jujjuya wannan.

Na gwada, Yaya. Jiya na sami Baba a kan bencinsa yana shan fura. Na durƙusa can gefe na ce, "Baba, kamar tana ɗan jan hagu." Ya ce, "Sabon ƙarfe ne, sai ya saba da tsohon. Kai ma da ka shigo gidan nan ai ka ɗan ja hagu." Mutanen wurin suka yi dariya, ni ma na yi. Amma na lura bai kalli motar ba ko sau ɗaya.

Na yi tunanin kai ta wani gareji. Duk makanikin ƙafa a garin nan a hannunsa ya koya. Kafin in fito daga ƙarƙashinta labari ya kai masallaci, an ce surukin Baba ya kai aikinsa a duba. Na yi tunanin tura Kawu, to me Kawu zai ce in ba ni zai ambata ba?

Ka ce ka tuƙa ta ba komai. Babu kaya ka tuƙa ta, kuma a kan kwalta. Ranar Litinin na ga wani siririn layi ya taso daga sabon ramin ya nufi bakin ƙarfen, kamar gashi. Na ɗiga jan farce a inda ya tsaya. Jiya na kai buhun masara takwas Kiru. Da na dawo layin ya wuce ɗigon. Tayar hagu kuma ta fara cinyewa ta ciki, ka shafa da tafin hannu za ka ji. Mata goma sha bakwai da tukwane da buhun shinkafa sun fi buhu takwas nauyi.

In ka zo, ka ɗora sifana a kan notin baya ka juya. Ba zai motsa ba, kuma ka leƙa ta ɗaya gefen, ba za ka ga gindinsa ba.

Wanda ya gani tare da ni, in na faɗi sunansa, na ɓata abin da ba walda da za ta haɗa. Ka bar ni da wannan.

Ƙaninka,
Kamilu

*

Bebeji, Laraba da yamma

Kamilu, salamu alaikum.

Na tsare Ɗantani a tasha har na rubuta wannan. Maganar layin nan ta tsaya mini a rai. Hamdiyya da 'yata Humaira ma suna cikin masu tafiya.

Amma ka duba inda ka sa ni. In na shiga ƙarƙashin mota da sifana a gaban garejinsa, na kira dattijo maha'inci a gaban jama'a. In ya zamana ba haka ba ne, na kashe maka aure na kuma kashe zumuncin gida biyu a kan bakin mutum ɗaya. In akwai na biyu, zan same shi a ɗaki mu uku, a rufe ƙofa, a kwance aikin ba wanda ya ji, a mayar da tsofaffin kaya. Gobe bayan azahar ina tafe. Ko ka ba ni suna, ko ka ba ni makulli.

Ka gaida Bushira.

Yayanka,
Abdullahi

*

Tudun Wada, Alhamis

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa. Makulli ba ya hannuna. Da safe na neme shi a aljihu na rasa, sai aka ce mini, "Kada ka wahalar da kanka, yana cikin kwallata, kuma ba zai fito ba." Aka ce, "Kai kana kunyar Baba. Ni 'yar auta ce, gemunsa nake ja tun ina rarrafe. Mamata ma tana cikin motar nan gobe, ko ka manta?"

Ta ce kada ka shigo da sifana. Ka tsaya a zaure, ita za ta fara shiga wurinsa.

Ban so a ce 'ya ta tsaya shaida a kan ubanta ba, shi ya sa na yi ta ɓoyewa. Ita ta ce in rubuta, tana tsaye a kaina yanzu. Ranar Asabar ɗin ta kawo masa koko, tana bayana da kwano a hannu har ya huce. Jan farcen ma nata ne.

Allah ya kawo ka lafiya. Wadda ta gani tare da ni Bushira ce.

Ƙaninka,
Kamilu