Katin da Na Tura wa Baba

Tsafe, 4 ga Agusta, 1975

Zuwa ga matata Wasila,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin naki, ya ruwan zafi? Ina fatan yaron na tsotso sosai, ko da yake an ce ya kwaso hancina, Allah ya ba shi haƙuri. Ki gaishe da Inna. Wannan takarda ki karanta da kanki, kada ki miƙa wa ƙanwarki Lami, kin san bakinta.

Ranar suna a Bungudu na ce miki hutu aka ba mu, ni da Baba mahaifinki. Ƙarya na yi. Dakatar da mu aka yi daga filin jirgi sai an gama bincike.

Kin san aikinmu a hasumiyar filin jirgi: kowane jirgi mu ke ba shi tsayin da zai bi ta rediyo, mu rubuta a kati, don kada biyu su haɗu. Wata Talata kafin sunan hadari ya rufe sama. Na ba wani jirgi da ya tashi izinin hawa ƙafa dubu shida, na rubuta. Sai Baba ya shigo ya karɓi kujera, ni kuwa na koma gefe. Can wani jirgin fasinja ya nemi saukowa, Baba ya ba shi ƙafa dubu shida. Matuƙin ya maimaita, har ya tambaya ko akwai wani a hanya, Baba ya ce ya sauko.

Wasila, da kunnena na ji. Amma shekara uku ke nan tun da ya ba ni ke, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba, balle in ce masa ya yi kuskure a gaban ma'aikata. Sai na yi gyaran murya, na tura masa katina da hannu biyu, kamar mai miƙa goro. Ya ci gaba da sauraron rediyo. Na tsaya ina neman lafazin da ba zai zama rashin kunya ba, jirage biyu kuwa na nufar juna cikin gajimare. Allah ne ya sa matuƙin ya hango ɗayan ya karkace. Mutum hamsin da biyu ke cikin jirgin fasinjan, wata tsohuwa ta karye a hannu.

Kunyar wannan tsayuwa ta hana ni sakat. A yi mini addu'a.

Naki,
Mas'udu

Gusau, 11 ga Agusta, 1975

Wasila,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta yaro. Takardarki ta same ni. Kin ce tunda babu wanda ya mutu in gode wa Allah in bar zancen. Ban gama gaya miki ba ne.

Na'urar ɗaukar maganarmu ta lalace tun bazara, saboda haka kwamitin bincike bakinmu kawai ya dogara da shi. Baba ya ce dubu bakwai ya bayar, matuƙin ne ya zarce. Da aka juyo kaina, Baba na zaune a gefena, na ce hankalina na kan rubutu, ban ji ba. Matuƙin, Sabiru sunansa, sa'ana ne. Bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi. An riƙe lasisinsa, kuma ranar ashirin ga wata za a yanke ko zai sake tuƙi. Ɗan manomi ne kamar ni, gidansu kaf shi ake taƙama da shi.

Jiya na zo Gusau da niyyar in iso Bungudu in sami Baba. Har na hau motar, yaron mota na kiran saura mutum biyu, na sauko na ce na manta kayana. Kayan kuwa suna hannuna. Mai shayin tasha sai da ya tambaye ni ko lafiya.

Idan na faɗi gaskiya, aikin Baba na shekara ashirin da bakwai ya ƙare da tabo, kuma mijin 'yarsa ne ya shafa masa. Idan na yi shiru, na kashe wa bawan Allah sana'a. Ba na so ki ji a bakin wani, shi ya sa nake gaya miki: zan faɗa. Amma sai na fara faɗa wa Baba a zaurensa. In kin yi fushi da ni, ba zan ga laifinki ba.

Mijinki,
Mas'udu

Tashar jirgin ƙasa, Gusau, 18 ga Agusta, 1975

Wasila,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yaro da Inna. Ki yafe mini na zo gidanku jiya ban leƙo ki ba, ƙafata ba ta iya wuce zaure ba.

Na durƙusa na faɗa wa Baba duka. Ya saurare ni har na gama. Daga baya ya ce ya san dubu shida ya bayar. Ya ce ya ga katin da na tura masa, ya kuma gane akwai magana a ciki, amma rubutun bai fito masa ba. Shekara biyu ke nan idonsa na dushewa. Allon da likita ke gwada mana ido da shi haddace shi ya yi. Ya ce nauyi ya ji ya ce wa surukinsa ya karanta masa kati, sai ya yi ta jira in yi magana, ni kuma ina jira ya karanta.

Yanzu haka yana zaune kusa da ni a kan benci, tare za mu je gaban kwamiti. Ya ce shi zai fara magana, kuma sai ya nemi gafarar Sabiru a gaban kowa. Ni ma ina da tawa da zan nema, don shi idonsa ne ya gaza, ni kuwa idona da kunnena lafiya lau. Watakila mu dawo duk ba aiki. Ki shirya Inna a hankali.

Kafin in tashi daga zauren ya ce in ɗago in dube shi. Na ɗago, karo na farko tun ɗaurin aurenmu. Wasila, yanar ido ta rufe masa idon hagu, ya yi fari fat, daga bakin ƙofa ma ana gani. Shekara uku muna zama kujera da kujera. Da sau ɗaya na taɓa ɗaga kaina, da na sani.

Ki shafa mini kan yaro.

Naki har kullum,
Mas'udu