Kwana Uku Ina Cewa "Da Sauƙi"

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar 'Yan Garinmu Mazauna Riyad,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan kwamiti, ina ƙara yi mana ta'aziyyar ɗanmu Nafi'u. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ranka ya daɗe, da yabo zan fara. Shekara goma sha ɗaya ina sayar da turare da abaya a shagon kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, a unguwar Murabba, kuma na ga masu iya baki iri-iri. Ni kaina ba baya ba ne: nakan sayar wa mutum turaren da ya shigo yana zagi, ya fita yana sa mini albarka. Amma a gabanka ɗan koyo ne ni. Kai ne ka ɗauki mutuwa sukutum ka naɗe ta a lallausar magana, har uwar mamaci ta kwana uku ba ta gane ta ba. Wannan gwaninta ta cancanci a rubuta ta, shi ya sa na sa wasiƙar nan a zauren ƙungiya na waya, don 'yan'uwa su karanta. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya. Nafi'u shekararsa goma sha tara, shi ne yaro na farko daga garinmu da ya samu gurbin karatun Larabci a nan. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Ranar da zai taso, na je hutu gida, mahaifiyarsa Inna Hajara ta kama hannunsa ta sa a nawa a zauren gidansu, ta ce amana. Ba a hannunka ta sa ba, ba kuma a hannun kwamiti ba. Ranar Litinin bayan la'asar yana ƙwallo da abokan karatunsa ya faɗi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ba ciwo, ba jinya. A kan wannan ba ni da ƙorafi, lokacinsa ne ya yi.

Na biyu. A ƙofar asibiti ka ja ni gefe ka ce kada kowa ya faɗa wa uwar, wai ba a jefa wa mace irin wannan labari ta waya, sai an gama takardu an sa ranar jana'iza. Ka kira baffansa shi kaɗai, saboda ana bukatar sa hannunsa kafin a ba mu gawa, shi ma ka ce ya yi shiru. Ita kuwa ka sa aka ce mata zazzaɓi ne. To wa za ta kira? Ni. Talata ta kira, na ce da sauƙi. Laraba ta kira sau biyu, na ce da sauƙi, barci yake yi. Ta ce in dama masa kunun tsamiya, shi kaɗai yake sha in ba shi da lafiya, kuma kada in cika sukari. Na ce to, Inna. Yaron nan a lokacin yana cikin firjin asibiti da lamba a ƙafarsa. Mu Hausawa ko mutum na gargara in an tambaye mu mukan ce da sauƙi, na sani. Amma ban taɓa jin an faɗe ta a kan gawa ba sai a bakina.

Na uku, kuma nan ne hikimar ta fi burge ni. Alhamis muka binne shi. Da muka koma zaman makoki a masaukin 'yan'uwa a unguwar Sulay, ka sa aka ɗauke ka hoto a tsakiyar jama'a, hannu a sama, ka ɗora a shafin ƙungiya tare da hoton yaron. Ba a riga an aika kowa gidansu ba. Wata 'yar maƙwabta ce ta gani, ta shiga da wayar a hannu tana ihu, Inna Hajara na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ashe wayar da ba ta dace da labarin mutuwa ba ta dace da hoton shugaba.

An ce mini ranar nan kasuwar garin ba ta ci ba, teloli sun rufe shaguna, mutane sun cika ƙofar gidan har bakin masallaci. Malaminsa na allo, wanda ƙafa ta hana shi fita shekara biyu, a kan babur aka kawo shi. Kowa a garin ya san yaron, kowa kuma yanzu ya san wanda ya ce da sauƙi. Inna Hajara ta kira ni sau ɗaya bayan haka. Ba ta zage ni ba. Tambayata ta yi ko ya samu ya sha kunun.

Na huɗu. A ƙarƙashin hoton ka rubuta cewa an binne shi a ƙasa mai tsarki. Kai ka san yadda mutanen gida ke jin wannan kalma. A wurinsu Saudiyya gari biyu ce, Makka da Madina, Riyad kuwa wata unguwa ce a tsakani. Yau duk garin ya ɗauka Nafi'u na kwance a Madina kusa da sahabbai. Liman ya faɗa a wajen addu'ar bakwai, mata suna yi wa uwar barka a cikin ta'aziyya, da wannan ma take samun barci. Ni da kai mun san a bayan garin Riyad muka sa shi, tafiyar yini guda a bas daga Madina, a kabarin da ba suna sai dutse, kamar na kowa a nan. Mutum uku sun tambaye ka a zauren nan ko gaskiya ne a Madina yake. Ka amsa musu da "Allah ya sa mu dace."

Bukatuna ba su da yawa. Ka kira Inna Hajara da bakinka, kafin Juma'a mai zuwa, ka gaya mata cewa kai ka hana a faɗa mata. Ka gaya mata ranar da ɗanta ya rasu, don har yanzu daga Alhamis take ƙirga kwanakinsa, sadakar arba'in ɗinsa ma a kan haka take shirya ta. Ka gaya mata inda yake. Sannan ka sauke hoton nan. Akwatinsa da littattafansa suna wurina, zan kai mata da hannuna, ba sai an kafa kwamiti ba.

Ban ce ka yi don mugunta ba. Ni ma da na bi ka ban fi ka ba, baki nawa ne. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon riƙe jama'a da gaskiya, ya ba uwar yaron haƙuri, ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Tanko Mai Turare, Murabba.

Af, na kusa mantawa. Baffan yaron ya kira ni jiya. Inna Hajara ta sayar da awakinta, 'yan'uwa sun cika mata, za ta zo Umara da azumi don ta yi wa ɗanta sallama, kuma ta ce ni zan tare ta a Madina tunda ni na san wurin. Ranka ya daɗe, kai da ka fi ni iya magana, wane kabari kake ganin zan nuna mata?