Gram Ɗari da Tamanin na Waliyyai a Wandon Yaretzi

Zuwa ga:
Mai girma Licenciado Heriberto Quijada,
Shugaban Hukumar Dambe ta Garin San Lázaro del Río, Sonora.

Daga:
Eufemia Bojórquez, matar marigayi Coronado,
Gida mai lamba 14, Titin Mezquite, bayan kasuwa.

Litinin, 17 ga Maris, 2025.

Game da: Dakatar da jikata Yaretzi Coronado na wata shida bisa zargin ta wuce nauyin ajinta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, tare da tambayar ƙafar mahaifiyarka Doña Chayo, wadda muke zama benci ɗaya a coci, ina gabatar da kokena kan takardarku ta 12 ga wannan wata. Takardar ta ce jikata, mai dambe a ajin kilo sittin da uku da rabi, ta haura da gram ɗari a awon Juma'a, 7 ga Maris, don haka an soke damben kambun gari da za ta yi da Brisa Tánori, kuma an dakatar da ita. Ban yi makaranta mai nisa ba, amma shekara arba'in ina auna ƙullin masara, na san sikeli. Ga abin da ya faru.

1. Da ƙarfe goma sha ɗaya na ranar na isa zauren awo da tukunyar tamal, wato alalen masara mai naman sa, kamar yadda kowane gida ke kai wa nasa abinci ya ci da ya sauka daga sikeli. Mai awonku, Don Cipriano Moroyoqui, ya ce wai ƙamshin yana sa 'yan damben da suka kwana biyu ba ci suna ƙwalla, ya sa aka fitar da ni har bakin titi, yana kirana tsohuwa mai tada fitina. Ina son a rubuta cewa ni aka fitar, tukunyar ba ta biyo ni ba. Da aka dawo mini da ita, guda tara sun tafi, kuma gashin bakin Don Cipriano yana da jan barkono.

2. Yaretzi ta hau sikeli babu ni, aka ce ta haura da gram ɗari biyu da hamsin, aka ba ta awa ɗaya. Ta yi gudu sanye da leda don ta yi gumi, ta tofar da yawun da ba ta da shi. Da lokaci ya matso, mai horar da ita, Nacho, ya ari almakashi ya datse jelar gashinta, wadda nake kitsa mata tun tana shekara huɗu, tun rasuwar uwarta. Ranka ya daɗe, a nan zan tsaya na sha ruwa. Duk da haka gram ɗari suka rage.

3. Kowa ya sani namiji in ya haura da ɗan abu kaɗan, abokansa kan tare shi da tawul ya cire wando a sake auna shi. A ranar an yi wa maza uku haka. Yaretzi ta nemi a kawo ma'aikaciya mace da labule. Don Cipriano ya ce hukuma ba ta da labule, kuma shi ana jiransa wajen bikin baftisma. Ya rufe littafi.

4. Wannan sakin layin ina roƙon a karanta shi a hankali, kuma ba sai an karanta wa Doña Chayo ba. Wandon da ta hau sikeli da shi ni na ɗinka. Tun dambenta na farko nake ɗinke lambar ƙarfe ta waliyyi San Judas guda ɗaya a cikin ƙugun wandon, kamar yadda na yi wa kakanta, mijina, shekara goma sha ɗaya yana dambe, kuma haƙori biyu kacal ya rasa. Bana da na ji kambu ne, kuma an ce hannun hagun Brisa ba shi da tausayi, sai na ga waliyyi ɗaya aiki zai yi masa yawa. Na ƙara shida, manya, na tagulla, da lambar yabon kakanta, na naɗe su da auduga don kada su dame ta. Ban faɗa mata ba, domin ta ce mini na daina. Ƙugun irin wannan wandon dama da kauri yake, ita kuma yunwa ta hana ta sanin inda ƙafarta take.

Ranar Lahadi na farke ɗinkin na ɗora su a sikelin Doña Lupe mai cuku, a gaban shaidu biyu: gram ɗari da tamanin. Ka cire da kanka, kai ka yi karatu. Jikata tana ƙasa da iyaka da gram tamanin. Waliyyai ne suka haura, kuma ba su ne za su yi damben ba. Da an bar ni a zauren, da na yi magana kafin almakashi. Da akwai labule, da ba a ma bukaci maganata ba.

Tun ranar Yaretzi ba ta ci abincin tukunyata ba. In na ce mata 'yar lelena, sai ta amsa da Doña Eufemia, kamar mai karɓar haraji. Shekararta ashirin da tara, tana tashi ƙarfe huɗu ta yi gudu kafin ta tafi aiki gidan burodi. Wata shida a wurinta ba wasa ba ne.

Saboda haka ina roƙon hukuma da ladabi ta janye dakatarwar, ta sa sabuwar ranar damben, ta kuma sayi labule. In babu hali, ina da yadi, zan ɗinka, kuma na yi alkawarin ba zan sa komai a ciki ba. In dole sai an dakatar da wani, ga ni: a hana ni allura wata shida.

Lambobin takwas suna cikin ambulan ɗin nan don ku auna. A dawo mini da su cif, kada a bi da su ta hannun Don Cipriano. Daga gobe zan riƙa zama a bakin ofishinka da tukunyata a buɗe, daidai lokacin da yunwa ke kama ma'aikata, har na sami amsa.

Gashin ban roƙe ku ba. Yana cikin akwatina, na ɗauko shi daga kwandon shararku. Ku dai mayar mata da dambenta, ko ta sake kirana Kaka.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Taku mai biyayya,
Eufemia Bojórquez